A Daina Tilasta Wa Matar Mamaci Ta Ce "Na Yafe"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ya hana ni barci tun makon jiya.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi sadakar uku ta wani matashi a bayan layinmu, nan Yakasai. Yana da ɗan shago a Kantin Kwari, yana sayar da atamfa da shadda. Ya taso daga kasuwa bayan la'asar a kan babur ɗinsa, ɗan maƙwabcinsu da ke koyon mota ya banke shi, ko asibiti ba a kai da shi ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, 'yar autar tana nono. Ina zaune a ɗakin tare da mata, ana ta amsa gaisuwa, sai wan mamacin ya tsaya bakin ƙofa, mahaifin yaron da ya yi tuƙin yana bayansa. Ya ce su dai a waje sun yafe duniya da lahira, ba sa neman ko sisi, saura ita ta faɗa da bakinta kowa ya ji. Yarinyar nan ta daɗe kanta a sunkuye cikin hijabi. Wata gwaggo ta zungure ta. Ta ce, "Na yafe." Aka yi ta sa mata albarka, aka shafa fatiha. Ni da ke kusa da ita ina kallon yadda hannunta ke rawa a bayan jaririyar.

Kafin magariba kuma saƙon surukinta ya iso. In ta fita takaba, zamanta a babban gida ne. In ta zaɓi komawa gidansu ko ta yi aure, ta ajiye musu 'ya'yansu. Makullin shago kuwa dama ya riga ya koma hannun ƙanin mamacin.

Da na dawo gida sai na buɗe adakata na ɗauko wani tsohon littafin Faransanci da na daɗe ban taɓa ba. Ni Musulma ce, haifaffiyar cikin birni, na yi shekara 31 ina koyar da Faransanci a makarantun 'yan mata kafin in yi ritaya. Matar da littafin ke ba da tarihinta Kirista ce 'yar Katolika, ta rasu kusan shekara 400 da suka wuce, a ƙasar da yawancinmu ba za mu taɓa takawa ba. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da ita. Ba tallan addininta na zo yi ba, kuma akwai inda zan saɓa mata a fili. Abin da ya haɗa mu shi ne an kawo mata gawar mijinta tana da goyo, kamar yadda aka kawo wa yarinyar nan, kamar yadda aka kawo mini. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sunanta Jeanne-Françoise Frémyot, amma an fi saninta da Jeanne de Chantal. An haife ta a garin Dijon, a gabashin Faransa, ranar 28 ga Janairu 1572. Mahaifinta, Bénigne Frémyot, babban alƙali ne, yana cikin shugabannin majalisar shari'a ta yankin. Tana da wata 18 mahaifiyarta ta rasu. A 1592, tana shekara 20, aka aurar da ita ga Christophe de Rabutin, mai sarautar baron na Chantal, wato a wajenmu kamar hakimi mai gandu da talakawa. Ta tare a gidan sarautarsu na Bourbilly, ta tarar suna ne kawai ya rage. Bashi ya yi wa gidan katutu, maigidan kuma rabin rayuwarsa yana fagen yaƙi ko fadar sarki. Ita ta karɓi makullai. Tana tashi da asuba ta bi kan manoma da barori, ta riƙe lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, har gidan ya miƙe. Da aka yi shekarar yunwa ta buɗe ƙofa tana rabon abinci. Ana ba da labari wasu kan karɓa su zaga ta baya su sake shiga layi, ta gane su sarai ta sake zuba musu, tana cewa ita ma haka take komawa ƙofar Ubangiji kullum da roƙo ɗaya, bai taɓa korar ta ba. Ta haihu shida, biyu suka koma tun suna jarirai. Zaman nasu kuwa na ƙauna ne.

A 1601, tana cikin jegon 'yar autarta, mijin ya fita farauta da wani amininsa wanda kuma ɗan'uwansa ne. Abokin ya ga motsi a cikin duhuwa, ya ɗauka nama ne, ya saki bindiga, irin bindigar toka ta wancan zamani. Harbin ya sami Christophe. Ya yi kwana tara yana jinya. Kafin ya cika ya yafe wa mutumin, ya hana a taɓa shi, ya roƙi matarsa ita ma ta yafe. Ta kasa. Matar da ke ciyar da mayunwata sau biyu a rana ɗaya, matar da daga baya cocinsu ya kira waliyyiya, ta yi shekaru ko ganin mutumin ba ta iya yi. Ba ta kai shekara 30 ba, ga marayu huɗu, namiji ɗaya mata uku.

Maigidana ya rasu a 1999 a hanyar Zariya, kusa da Kwanar Dangora. Amininsa tun na makarantar allo ne ke tuƙi. Sun fito daga ɗaurin aure, ya zo wuce wata babbar mota a inda bai kamata ba. Shi ya fita da karaya a hannu. Malam kuwa ban sake ganin fuskarsa ba sai da aka kira ni in yi masa addu'a kafin a ɗauke shi. 'Ya'yanmu biyar, babbar tana aji biyu a sakandare. Ni ma ranar uku aka sa na faɗi kalmar nan. Na faɗa, domin ɗaki cike yake da iyaye, kuma wace ce ni da zan yi shiru ana jira na. Amma baki ne ya faɗa. Na yi shekaru in aka ambaci sunan mutumin sai abinci ya fita raina. Abin da ya fi ci mini rai, na ɗauka imanina ne ya yi rauni. Gari na yabona da tawakkali, ni kuwa na san abin da ke cikina, in na hau sallaya sai in ji kamar ƙarya nake yi wa Allah da mutane baki ɗaya. Da an bar ni da baƙin cikina kawai, da ya fi mini sauƙi. Sai aka ɗora mini kunya a kai.

Ina cikin takaba wata abokiyar aikina, 'yar Katolika daga kudancin Kaduna da ke zaune a Sabon Gari, ta zo mini gaisuwa da ƙullin ƙosai da wannan littafi. Ta ce, "Malama, ba don addini na kawo miki ba, ki duba inda na naɗe shafi." Sunan gidan ba baƙo ba ne a wurina, domin a jami'a mun karanta wasiƙun Madame de Sévigné, wadda jikar matar nan ce ta wajen ɗa. Labarin kakar ne ban sani ba. Da dare in yara sun yi barci sai in kunna a-ci-bal-bal in karanta.

Bayan rasuwar mijin, Jeanne ta koma gidan mahaifinta a Dijon. Ba ta daɗe ba sai ga wasiƙa daga surukinta, Guy de Rabutin, dattijo mai zafin rai da ya haura 70. Ya ce ta kwaso jikokinsa ta zo ta zauna da shi a gidansa na Monthelon, kusa da garin Autun, in ba haka ba zai sake aure ya cire su daga gado. Edita, saƙon nan da na ranar Talata uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, harshe ne kawai ya bambanta. Gadon marayu aka mayar igiya aka ɗaure uwarsu da ita. Ta tafi saboda 'ya'yanta. A gidan ta tarar da wata mai aiki da tsohon ya ajiye ba aure, har ta haifa masa 'ya'ya, ita ke riƙe da makullai da kuɗin cefane. Matar da ta fitar da gidan sarauta daga bashi ta koma sai ta roƙa kafin ta ɗauki abu a madafa, tana gani ana ɓarnatar da dukiya ba ta da bakin magana. Wajen shekara bakwai ta yi a haka. A cikin shekarun nan ta haɗa 'ya'yan mai aikin da nata tana koya musu karatu, ta ware wuri tana haɗa magunguna, tana wanke gyambon talakawan ƙauyen, in wani ya mutu ba mai shi ta yi masa sutura. Masu rubuta tarihinta suna yabon haƙurinta a nan, ni ma ina yabo. Amma haƙurinta bai wanke tsohon nan ba. Zalunci ya yi, kuma yadda ta daure bai mayar da abin daidai ba. Mu a nan mun iya yabon mai haƙuri har mu manta da tambayar wanda ya ja aka yi haƙurin.

A 1604, lokacin azuminsu na kwana 40, mahaifinta ya gayyace ta Dijon ta ji wa'azin wani baƙon malami, François de Sales. Shi ne bishop na Geneva, amma a garin Annecy yake zaune, domin Geneva a lokacin tana hannun 'yan Furotesta. Kafin ta haɗu da shi ta faɗa hannun wani malamin coci mai tsanani, wanda ya lafta mata azumi da addu'o'i da alƙawura har ta rasa sukuni. De Sales ya sassauta mata duk wannan. Ƙa'idar da ya rubuta mata a wasiƙa ita ce ta yi komai saboda ƙauna, kada ta yi komai bisa tilas. Barorinta ma sun ga canji. Ana cewa sukan ce a da uwar ɗakinsu sau kaɗan take ibada a rana amma kowa sai ya takura, yanzu kuwa kullum cikin ibada take ba ta takura wa kowa.

Kan mutumin da ya harbi mijinta, abin da ya gaya mata shi ne ya tsaya mini a rai. Bai ce ta tashi ta je ta same shi ba. Bai sa mata rana ba. Ya ce ba sai ta nemi haɗuwa da shi ba, amma in Allah ya haɗa su, ta yi ƙoƙari ta zo da zuciya mai taushi, kuma ya san zuciyar za ta girgiza, jininta zai tafasa, wannan ba laifi ba ne. Ya bar mata lokacinta. Sannu a hankali ta iya gaishe shi. Daga baya ta karɓe shi a gida. Ƙarshe da aka yi wa mutumin haihuwa ita ta tsaya a matsayin uwar baftisma ga jaririn, wanda a al'adarsu zumunci ne na har abada, kamar a ce an ba ka riƙon ɗa.

Ni shekara shida na yi. Kowace Babbar Salla aminin Malam yakan aiko da cinyar rago, ni kuwa ko buɗe ledar ba na yi, sai in miƙa wa almajiran unguwa. In ya hango ni a hanya yakan canja layi. A Sallar shekara ta shida, ban san dalili ba, na tsaya na kalli naman, na ɗora tukunya na soya, muka ci da yara. Washegari na aika babban ɗana ya ce masa Umma na gaishe shi, ta ce a gode. Yaron ya dawo ya ce mini, "Umma, Baba ya zauna a dakali yana ta kuka kamar ƙaramin yaro." Ranar ce na yafe. Ba wanda ya tsaya a kaina, ba wanda ya yi kabbara. Shi ma ranar ce ya san an yafe masa, domin waccan ta ranar uku bai taɓa yarda da ita ba, ya san yadda aka samo ta. Wato gaggawar da aka yi ba ta amfane ni ba, ba ta amfane shi ba. Ta dai sauƙaƙa wa masu zaman makoki su watse da daɗin rai.

Addininmu bai tilasta wannan ba. Allah ya yi maganar kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92. Ya wajabta diyya a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in su suka yi sadaka da ita. Sadaka kuwa ba a yin ta da kayan wani, ba a kuma karɓar ta da zunguri. Diyya haƙƙin magada ce, ana raba ta kamar gado. Matar tana da tumuninta a ciki, marayu suna da kasonsu. Wane ne ya ba wan miji ikon ya tsaya a zaure ya kyautar da rabon jaririyar da ke nono don a ce gidansu gidan mutunci ne? Yafiya tana da lada babba, ban musa ba, ni ma na ɗanɗani sanyinta. Amma a bar mai haƙƙi ta kai can da ƙafarta. Haka maganar riƙon yara. A mazhabar Malikiyya da muke bi uwa ce ta fi cancanta da renon 'ya'yanta, in ta yi aure ya koma hannun mahaifiyarta, kafin a zo kan dangin uba. Ina roƙon malamanmu masu tafsiri da masu huɗubar Juma'a su riƙa faɗin wannan ƙarara, yadda suke faɗin wata huɗu da kwana goma na takaba. Kowace mace a garin nan ta san kwanakin takaba. Kaɗan ne suka san abin da yake nasu bayan ta.

Yanzu ga inda na saɓa wa Jeanne de Chantal. Tun bayan rasuwar mijinta ta yi alƙawarin ba za ta sake aure ba, duk da dangi sun matsa mata, manema masu dukiya kuma sun fito. A 1610 ta yanke shawarar barin duniya ta zama sista. Ta riga ta aurar da babbar 'yarta, Marie-Aimée, ga ƙanin de Sales. 'Yar autar, Charlotte, ta rasu a farkon shekarar. Ta tafi da ta tsakiya, Françoise. Ɗan namijin, Celse-Bénigne, mai shekara kamar 14, ta bar shi hannun kakansa, wato mahaifinta. Ranar tafiya yaron ya roƙe ta da kuka, da ya ga ba za ta fasa ba sai ya kwanta a bakin ƙofa ya ce sai dai ta tsallake shi. Ta tsaya tana hawaye, sannan ta tsallake.

Duk sanda na zo wannan shafi sai in rufe littafin. Ni ba zan iya ba, kuma ban yarda Allah ya nemi haka daga uwa ba. Mu babu rahbaniyya a addininmu, Suratul Hadid ta faɗi cewa mabiya Annabi Isa ne suka ƙago ta, ba a wajabta musu ba. Ibadar uwa tana cikin tukunyarta da kuɗin makarantar 'ya'yanta. Amma in zan yi adalci dole in ƙara da abin da ya biyo baya. Ba ta tafi ba sai da ta daidaita dukiyar marayun a rubuce. Da mahaifinta ya rasu a 1611 ta fito ta koma ta tsaya kan al'amuran yaran. Da surukin nan ya rasu ta sake komawa ta warware lissafin gidansa da ya cakuɗe, ta kuma sallami mai aikin da ta wulaƙanta ta cikin mutunci da alheri. Ita ta tsaya kan auren Françoise da na ɗan namijin. Sannan kafin mu ɗaga murya a kanta, mu leƙa tashar Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa mu ga yara 'yan shekara bakwai da iyayensu maza suka sauke da ƙoƙo da allo suka juya. Waɗannan ko kwanciya a bakin ƙofa ba a ba su damar yi ba.

Ranar 6 ga Yuni 1610 Jeanne da wasu mata suka buɗe ɗan gida a Annecy, bakin tafki. Suka sa wa ƙungiyar sunan Ziyara, don tunawa da ziyarar da Nana Maryam ta kai wa matar Annabi Zakariyya lokacin da matar ke ɗauke da cikin Annabi Yahaya, kamar yadda ya zo a littafinsu. Abin da ya ja hankalina shi ne waɗanda aka buɗe wa ƙofa. Gidajen sistoci na zamanin suna da tsananin azumi da tsayuwar dare, sai mai ƙuruciya da ƙoshin lafiya ke iyawa. Wannan gida kuwa ya karɓi matan da mazansu suka mutu, da waɗanda shekaru suka ja, da masu raunin jiki, matan da ko'ina aka je da su sai a ce ba gurbi. Da farko sukan fita su duba marasa lafiya a gidajensu. Da suka buɗe reshe a Lyon a 1615, babban bishop na garin ya ce bai yarda sistoci su riƙa yawo a titi ba, sai dai kulle. Aka bi ra'ayinsa, a 1618 ƙungiyar ta koma ta masu zaman ciki. A ganina an yi asara a nan. Sai a 1633 wani malaminsu, Vincent de Paul, da wata matar mamaci, Louise de Marillac, suka kafa ƙungiyar mata masu fita jinyar talakawa, suka kauce wa dokar kullen ta hanyar ƙin kiran su sistoci irin na da.

Mu ba sai mun je Faransa aron wannan tunani ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa jajis, manyan mata masu hankali da natsuwa, ta ɗora musu malfa, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu mata. 'Yan Taru ke nan. Ta kalli macen da ta manyanta ta ga malama, ba ta ga kaya a wuyan dangi ba. Mun gaji wannan, mun bar shi ya yi ƙura.

Tun 2012 gwamnatin jihar nan ta sha ɗaukar nauyin auren zawarawa, kuma na san gidajen da abin ya rufa wa asiri, Allah ya saka da alheri. Wadda take son aure a taimaka mata ta yi, sunna ce. Amma akwai wadda ba ta shirya ba. Akwai wadda ta san in ta yi aure 'ya'yanta za su watsu gida-gida, wannan wajen baffa, wancan wajen gwaggo. Akwai wadda kawai take so a bar mata ɗakinta da jarin mijinta ta riƙe marayunta, kuma za ta iya, yadda matar nan ta riƙe Bourbilly. Ni ban sake aure ba. An yi ta magana, har aka ce boko ne ya ɓata ni. Albashina na koyarwa ne ya ba ni bakin cewa a'a, da ɗan gidan da Malam ya bari da takardarsa a hannuna. Yarinyar bayan layinmu ba ta da albashi, ba ta da takarda. Ina roƙon masu unguwanni da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na matan aure su sa ido a kan irinta. A rubuta abin da mamaci ya bari tun kafin a watse daga makoki, a gaban shaidu, da wani daga dangin matar a zaune. A ba ta kwafi. Wadda ta yi karatu a ba ta aji ta koyar, wadda ta iya sana'a a sakar mata rabonta ta juya.

Sauran rayuwar Jeanne de Chantal binne nata ta yi ta yi. A 1617 mijin Marie-Aimée ya rasu, ita ma ta bi shi wajen haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. De Sales ya rasu a Lyon a ƙarshen Disamba 1622. Ɗan da ta tsallake an kashe shi a 1627 a yaƙi da sojojin Ingila a tsibirin Ré, ya bar 'yar shekara ɗaya, wadda ita ce ta girma ta zama mai wasiƙun da muka karanta a jami'a. Cikin 'ya'ya shida, ɗaya ce kawai ta rage a bayanta. Ta kuma yi shekaru masu yawa tana fama da bushewar zuciya a ibada da wasiwasi, ba ta ɓoye wa na kusa da ita ba, ba ta kuma fasa aikinta ba. Ta yi ta tafiye-tafiye tana buɗe gidaje, har da na Faris a 1619. Ta rasu a garin Moulins ranar 13 ga Disamba 1641, tana da shekara 69, ta bar gidajen ƙungiyarta sama da 80. An kai gawarta Annecy. A 1767 Fafaroma ya sa ta cikin waliyyan cocinsu.

Jiya Juma'a na koma gidan makokin da kwanon tuwo. Mutane sun ragu, daga ita sai mahaifiyarta da yaran. Na zauna kusa da ita na ce, "'Yata, abin da kika faɗa ranar Talata, in bai kai zuci ba tukuna, ba ki yi laifi ba. Ni shekara shida na yi." Ta ɗago ta kalle ni, karon farko tun rasuwar, sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba a gaban jama'a. Muka bar ta ta yi mai isarta. Da ta natsu na ciro littafin rubutu mai shafi 40 da biro daga jakata, na ce ta faɗa mini abin da ta sani na shagon: bandir nawa ne a ciki, wa ke bin sa, wa yake bi. Ashe ta san komai, domin kullum da dare ita take taya shi lissafi. Mun cika shafi uku. Gobe Lahadi in Allah ya kai mu, ni da kawunta za mu kai wa mai unguwa.

Wassalam.

Wata tsohuwar malamar Faransanci,
Yakasai, Kano.